Lobstar da na dafa wa Malam da kanwa

Lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaciya ce a wani kamfanin kifin ƙanƙara a Sharaɗa, shekaruna arba'in da 'yan kai, ban san ko harafi ɗaya na boko ba, amma duk layinmu a Ɗorayi an san bakina. Wanda ya taka ni sai ya ji, tun daga direban motar kamfani har mijina. Sai daga baya na shiga ajin manya, da furfurata, shi ya sa yau nake rubuto muku da hannuna.

Mijina, wanda nake kira Malam, shekara talatin ya yi a wani kamfanin jima a Challawa. Maganin jima ya cinye masa tafin hannu, haƙoransa ma sun fara girgiɗi. Mutum ne mai sanyi, in ina faɗa sai ya ja rediyonsa ya koma zaure. Shekara ashirin da shida muna tare ban taɓa buɗe baki na ce masa na gode ba. Ba wai ban gode ba ne, bakina ne bai iya kalmar ba. Yana da wani labari guda da ba ya gajiya da shi: wai yana saurayi ya raka motar fata tashar jiragen ruwa a Legas, kukun wani jirgi ya ba shi wutsiyar wani ƙaton jatan lande da ake kira lobsta, fara tas, laushi kamar ɓargo. Duk sanda ya ɗauko zancen sai in ce ya ishe mu da ƙwaron Legas.

Da aka sa ranar da zai ajiye aiki, sai na ƙudura cewa abin da bakina ya kasa faɗa tukunyata za ta faɗa. A ɗakin sanyinmu akan ajiye irin wutsiyoyin nan don manyan otal. Na je na sami manaja na ce ina so. Ya yi dariya, ya ce Hajiya kin kuwa san yadda ake dafa ta? Na ce masa tun ba a yaye shi ba nake girki. Aka sa min guda shida a ɗan kwali, da wata takarda a ciki.

Ranar Asabar, bayan ya ajiye aikin, ana idar da Azahar na hura gawayi. Malam ya gayyato amininsa, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna da suka yi shekara ashirin a kan inji ɗaya, suna zaune a tsakar gida kan tabarma. Babbar 'yata, wadda ta gama sakandare, ta ɗauki takardar ta ce Umma bari in karanta miki, akwai bayani. Wallahi da laushin murya ta faɗa. Amma ni sai na ji kamar ta nuna wa duniya jahilcina. Na fizge takardar na cusa a wuta, na ce bokonta ya tsaya a bakin ƙofa, ni na haife ta ba takarda ba. Ta fita tana share ido.

Na zuba wutsiyoyin a tafasasshen ruwa, nan da nan suka yi jawur. Na taɓa naman na ji da ɗan ƙarfi, na ce bai nuna ba. Mu dai abin da muka sani shi ne nama in ya yi gardama a ƙara masa wuta. Na ƙara gawayi, na ƙara ruwa. Da na sake taɓawa na ji ya fi ɗazu tauri, sai na jiƙa kanwa na zuba, yadda nake yi wa ganda da wake. Har aka kira La'asar ina fama. Sau biyu Malam yana leƙowa yana cewa in zo in zauna haka nan, ina korarsa. Da na sauke, naman ya tsuke ya koma kamar robar tayar keke. Na sani sarai. Girman kai ya sa na ɗora a kan shinkafa na kai musu.

Aminin nasa ya sa a baki, ya tauna, ya tauna, sai ya dubi Malam ya ce ashe ritayar ƙarya ce, aiki ya taho da shi gida, wannan ai fata ce an gama jima, ɗinkin takalmi kawai ya rage. Ya yi ta dariya har da tari. Malam bai yi ba. Ya duƙufa yana taunawa da haƙoran nan nasa, gumi na tsattsafo masa, yana cewa da daɗi, wallahi da daɗi. Yana kan wutsiya ta biyu na ga ya juya baya ya sa hankici a baki. Da ya cire na ga jini, da haƙori guda a ciki. Na fizge farantin, na hau shi da faɗa, na ce wa ya aike shi, kashe kansa yake son yi a ɗora min? Sai ya ɗago ya ce min, a hankali, shekara ashirin da shida yana ba da labarin nan, bai taɓa sanin ina saurare ba.

Na tsaya da faranti a hannu. Tukunya ta ba ni kunya, baki kaɗai ya rage min. Sai na faɗa, a gaban baƙo, da irin muryar da nake faɗa da ita don ba ni da wata: na ce na gode, na gode da hannayen da ya lalata saboda mu, na gode da haƙurin zama da ni, Allah ya saka masa. Aminin ya miƙe wuf wai bari ya duba babur ɗinsa a waje. Malam ya kama kunne yana murmushi da giɓinsa, ya ce ƙarar inji ta lalata masa ji, in ƙara faɗa. Na ce ba zan ƙara ba. Kuma ban ƙara ba. Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa.

Washegari na ba 'yata haƙuri, abin da ban taɓa yi wa ɗan da na haifa ba. Ita ta gaya min abin da idonta ya kama a takardar kafin in ƙona: mintuna kaɗan ake yi wa abin nan, in ya wuce haka tauri yake yi. Ita ce kuma ta raka ni ajin manya ranar farko.

Abin da na koya shi ne ba komai ne ƙarin wuta ke sa shi laushi ba, ni kuwa da wuta na bi da girkina da mijina da 'ya'yana. 'Yan uwana mata masu zafi irina, in ba ku san abu ba ku tambaya, ko da 'yar cikinku ce, ba ya rage muku komai. Kuma kada ku jira sai ranar biki, kada ku wakilta tukunya. In akwai wanda ya cancanci godiyarku ku faɗa masa yau, gobe ku sake faɗa. Ni sau ɗaya tak na faɗa, shi da kansa ya roƙe ni na biyu na hana shi, yanzu kuwa ina da bakin, babu mai ji.