Faifan da Yaya Bai Taɓa Ji Ba

Yayana Yahaya gyaran rediyo ya yi duk rayuwarsa a bakin kasuwar Gure, amma in ka tambayi Yahaya mai rediyo ba kowa zai gane ba. Ka ce Yahaya Mambo, ko baƙon jiya zai nuna maka gidanmu. Ni ce ƙanwarsa A'i. Da mijina ya rasu a Bune na dawo gidansa na zauna, tun daga ranar kuma aka ɗora mini wani aiki da ban roƙa ba, wato jiƙa buhu.

A ƙuryar ɗakinsa akwai wani akwatin katako cike da faya-fayan garmaho, kusan duk na mutum ɗaya ne, wani shugaban makaɗa ɗan ƙasar Kuba, mai irin kiɗan da ake kira mambo, inda Yaya ya samo laƙabinsa. Faifai ba ya son zafi, Gure kuwa in bazara ta kama ko ƙarfe sai ya nemi inuwa. Don haka Yaya ya zuba rairayi a ƙasa, ya ɗora akwatin, ya lulluɓe shi da buhun algarara, kullum in rana ta take tsaka sai a yayyafa wa buhun ruwa, yadda ake yi wa randa. Ba a kwarawa, yayyafi ake yi da yatsu. Matarsa Kande ta yi wannan aiki har ta koma ga Allah, ban taɓa jin ta ce uffan ba. To ni ba Kande ba ce. Ruwan da na bi layin famfo na samo da guntun ƙarfina, a ce sai katako ya sha kafin ni? Kullum sai na faɗa, kullum kuma sai na yi.

Sunan ɗan Kuban nan bakina bai taɓa iya ɗaukarsa ba. Yaya dai "mutumina" yake ce masa, mu kuma muka bi, muna cewa mutumin Yaya. Asalin haɗuwarsu, wani malamin asibiti ne ɗan Dahome da aka turo Gure lokacin Yaya yana saurayi ya kawo masa garmaho gyara. Da ya gyara sai aka ɗora faifai don gwaji. Yaya ya ce da masu ƙaho suka busa gaba ɗaya sai da ya riƙe bakin tebur. Da aka canja wa malamin wurin aiki, ya bar masa garmahon da faya-fayai 'yan kaɗan. Sauran Yaya ne ya tara, ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon direbobin manyan motoci masu zuwa Kano da Kotonu su duba masa. Babanmu, mai kanti ne ɗan Damagaram, har ya rasu bai daina cewa an yi wa ɗansa asiri ba.

Tarihin mutumin nasa kuwa na haddace shi ba don ina so ba. Farkonsa ɗan Dahomen ne ya ba shi, sauran Yaya ne ya haɗa da kunnensa da hotunan da ke jikin kwalayen, don rubutun ba Faransanci ba ne balle ya karanta. Ko haka aka yi, ko ba haka ba, Allah masani. A faifan farko za ka ga wani siririn yaro a gaban piyano, rigar ma kamar ta aro, yana yi wa wani kiɗa a otal. Daga nan ya bar garinsu ya tafi Meziko, ya kafa tasa ƙungiyar, masu busa suka jeru a bayansa. Sai Amirka, ga farar kwat, ga ƙiba, ga murmushi har kunne. Yaya in ya zo nan sai ya gyara zama kamar shi aka ɗinka wa kwat ɗin. Daga baya yayi ya juya, samari suka koma wa jita. Kwalayen suka fara zama na takarda mara kauri, masu ƙahon suna raguwa faifai bayan faifai, Yaya yana lura da kowane da ya ɓace kamar ɗan unguwarsu ne.

Shi ma Yaya ya yi nasa zamanin. Duk yammacin Asabar malaman lakwal, wato makarantar boko, da na asibiti da ma'aikatan da aka turo daga Yamai da Dosso da Tawa sukan taru a gidan ɗayansu, Yaya ya ɗaure garmaho a bayan keke ya je ya sa musu kiɗa. Mu yara mata mukan leƙa ta kan katanga. Akwai dattawan da na gani da idona suna murguɗa ƙugu, takalmi na ƙyalli, yau in ka gaishe su ba ka sa Alhaji ba ba za su amsa ba. In Yaya ya tuna musu sai su ce a'uzubillahi, su ja carbi. Sai kaset ya zo, aka daina aika masa. Ana nan garmahon ya ƙone, aka kai shi Damagaram, aka kai shi Kano, aka ce kayansa sun ƙare a duniya. Daga baya wayar salula ta zo ta kashe gyaran rediyon ma, Yaya ya rufe rumfa ya dawo gida.

Bayan garmahon ya mutu ne wani direba ya kawo masa faifai na ƙarshe. A jikin kwalin mutumin ya tsufa, yana zaune shi kaɗai a kujera, hula a kan gwiwa, babu mai ƙaho ko ɗaya a bayansa. Wannan faifan Yaya bai taɓa jin sa ba. Shekara da shekaru yana ciro shi, ya goge da gefen rigarsa, ya karkata shi wajen haske, ya mayar. Sauran duk suna cikin kansa, yakan ciro ɗaya ya riƙe ya yi ta kiɗan da baki tun daga farko har ƙarshe, ni ina tankaɗe ina jin haushi. Wannan kuwa sai dai ya riƙe shi shiru.

Ɗansa Nafi'u, da ke koyarwa a Gidigir, ya taɓa nemo masa kiɗan mutumin a salula. Yaya ya kara a kunne, ya ce sauro ne a cikin gwangwani, ya miƙa masa abinsa. Na ƙarshen kuwa Nafi'u ya nema har ya gaji, babu shi a ciki. Wata rana Yaya ya ce mini, "A'i, ni ba na roƙon Makka, ƙafata ba za ta kai ba. In ji abin da mutumina ya faɗa a ƙarshe, shi ke nan." Na ce masa ya ji tsoron Allah. Amma na ji tausayinsa, don ido ya fara tafiya, kunnen hagu ma ya tafi, na dama ne ya rage.

Bazarar bara ciwon fitsari ya kwantar da shi, likita ya ce sai an yi masa aiki a Damagaram. Ni ce mai jinya, wa zai yi in ba ni ba? Nafi'u ya kawo matarsa Sumayya ta tsare gidan. Yarinya ce mai kirki da tsabta, irin wadda in ta share tsakar gida sai ka ji kunyar takawa. Ana ɗora Yaya a mota yana nishi, amma sai da ya kira ta.

"Sumayya, buhun nan."

"In sha Allahu, Baba, ba zai bushe ba."

Mun daɗe a asibiti. Ni dai na sha kwanan tabarma a baranda har ƙashin bayana ya daina nawa. Shi kuwa Nafi'u, in ya zo duba mu, sai ya ɓace cikin gari. Ashe yawo yake wurin tsofaffin masu gyara yana neman garmaho. Ranar da aka sallame mu ya shigo da wani abu a naɗe cikin zane, ya ajiye a kan gadon uban, ya kama hannunsa ya ɗora. Yaya ya shafa murfin, ya shafa hannun allurar. Duk tsawon hanyar Gure a cinyarsa ya riƙe shi, a kan ɗinkin ciki, na yi faɗan har na gaji na ƙyale.

Muna sallama na san akwai magana, don Sumayya ba ta fito da gudu ba. Tana tsaye a bakin madafa, idanu sun kumbura. Ta ja ni gefe.

"Gwaggo, na yi ɓarna."

Ga abin da ya faru. Ta ce a ranta yayyafi ai rowa ce, Baba yana kwance a asibiti, bari ta kula masa da kayansa sosai. Kullum sai ta kwara wa buhun rabin bokiti, safe da rana. Ruwa ya bi katako ya shiga ciki. Da ta ji wari ta buɗe, ta tarar kwalaye sun jiƙe sun fara funfuna. Hankalinta ya tashi, ta yi abin da kowace mace a garin nan take yi wa abin da ya jiƙe. Ta ciro faya-fayan ta goge su tas, ta jera su a kan kwanon rumfa su sha rana, ta shiga girki. Rana ta bazara, a kan kwano. Kafin la'asar duk sun lanƙwashe, wasu sun naɗe baki kamar ganyen kabewa.

Na buɗe baki zan yi mata tas, don bakina ba ya da linzami, sai na dubi yarinyar, na fasa. Me zan ce mata? Hatsi in ya jiƙe shanya shi ake, tufa haka, tabarma haka. Gajiya ce kawai ta sauko mini, na nemi turmi na zauna.

Yaya yana ɗaki yana kira a kawo akwati. Nafi'u ya so ya yi masa dabara, wai a bari ya huta sai gobe. Ya ce shi ya huta shekaru, a kawo. Aka kawo. Ya sa hannu ya ciro na farko, yatsunsa suka bi gefen, suka tsaya. Ya ciro na biyu, na uku. Ido bai gani sosai, amma hannun da ya goge su tun yana saurayi ba ya bukatar a gaya masa. Sumayya ta durƙusa a bakin ƙofa tana ba da haƙuri tana kuka.

"Wa ya ce ki yi kuka?" in ji shi. "Tashi ki nemo mini na mai hula a gwiwa."

Kwalayen ta shanya su dabam, amma da yake tana da tsari ta mayar da kowane faifai gidansa. Ta miƙo masa. Shi ma ya lanƙwashe, sai dai bai kai sauran ba, gefe ɗaya ne ya tashi. Nafi'u ya haɗa garmahon da wuta ya ɗora. Allura ta hau tudun ta yi tsalle ta faɗo. Yaya ya ce a ɗora mata dala a ka don ta yi nauyi, yadda suke yi a da. Aka ɗora, ta zauna.

Kiɗa ya fito. Ni da na sha jin mutumin nan a ƙuruciya ta kan katanga, na san shi da hayaniya da gaggawa. Wannan piyano ne da ganga ɗaya da ƙaho ɗaya, a hankali. Duk lokacin da allura ta hau inda ya lanƙwashe sai sautin ya ja, ya yi ƙasa kamar zai faɗi, sannan ya miƙe da ƙyar, ya sake zagayowa ya sake ja. Ban san wanne ne na mutumin ba, wanne ne na ranar Gure. Yaya ya juya kunnen dama, ya rufe ido, hannunsa a kan ɗinki. Bai yi kiɗan baki ba, bai kaɗa ƙafa ba. Aka juya ɗaya gefen, ya ji shi har allura ta kai tsakiya tana ƙarar banza.

"Ashe shi ma ya gaji," in ji Yaya.

Nafi'u ya ce, "Baba, ai lanƙwasar ce take jan sautin, asalinsa ba haka..."

"Na sani. Na ji abin da nake so in ji." Ya juya wajen ƙofa. "Sumayya, Allah ya yi miki albarka, kin tsare gida. A ba ni kunu."

Da zan fita da kwanon ya kira ni. "A'i, daga gobe ki huta da buhun nan. Ki sha ruwanki."

Shekara nawa ina jiran wannan magana, da ta zo ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Bai sake cewa a kunna garmahon ba, bai sake tambayar akwatin ba. Ya ga damina, ya ga kaka, kafin wata bazarar ya rasu, da hantsi, yana jingine a zaure. Alhazan nan duk sun zo jana'iza, babu wanda ya ce Mambo, Malam Yahaya suka yi ta cewa.

Nafi'u ya ce zai kwashe akwatin ya ba ni fili a ɗakin, tunda abin da ke ciki ba ya moruwa. Na ce ya bari tukuna. Yanzu zafi ya dawo, layin famfo ya fi na bara tsawo, gwiwata kuma ta fi ta bara ciwo. Jiya Sumayya ta zo gaishe ni da rana tsaka, ta same ni a ƙuryar ɗakin da kwanon ruwa a hannu. Ta tsaya tana kallona. Na ce mata ta daina kallona ta matso, in nuna mata yadda ake yi da yatsu.