Likkafanin Uzairu Ya Dawo Makka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Juma'a, sha ɗaya ga Zulƙida, aka bugo mana waya nan unguwar Hindawiyya, a Makka, cewa ƙanƙara ta tsage da ƙanena, Dakta Uzairu, a tekun ƙarshen arewacin duniya. Abokan aikinsa sun yi nema har suka haƙura. Ba a ga gawa ba.

Uzairu, na gaji. Duk wanda ya shigo gaisuwa tambayarsa ɗaya: "Ɗan Makka, me ya kai shi ƙanƙara?" Jiya na ce da wata, "Hajiya, da zafi ya yi ta kayar da alhazai a Mina, ke ma kin yi kuka. Mafarin wannan zafin ne ya je ya bincika." Ta ce ba ni da kunya. Ban musa ba.

Aikinka huda ƙanƙara ne, ka auna kaurinta. Kullum ka dawo sai ka ce, "Yaya, ta ƙara sirancewa, kuma ba mai saurare." Ga shi inda ka taka lafiya bara, bana ya kasa ɗaukarka. Masu iko za su yi taro, su sha shayi, su watse.

Kai ne ba ka taɓa bari wani ya tura keken Umma a ɗawafi ba. Ita kuma duk tafiya sai ta sa maka likkafanin da ta wanke da zamzam a cikin jaka, kana dariya kana cewa, "Umma, ina zan sa safata?"

Tun da labarin ya zo ta hana a yi maka sallar ga'ib. "Ba a sallatar mai rai," in ji ta. Malam Taha, limamin unguwa, ya zo, ta ƙi fitowa. Ni ma na yi mata faɗa, Allah ya yafe min.

Shekaranjiya jakarka ta iso. Likkafanin yana ciki, da ninkin da ta yi masa. Ta daɗe riƙe da shi, sannan ta ce, "Sa'adiya, a faɗa wa Malam ya yi sallar. Wannan kuma ki ajiye, a cikinsa za a sa ni."

Allah ya jiƙanka, Uzairu, ya karɓe ka cikin shahidai. Ya ba Umma da matarka Manal haƙuri, ya raya 'yarka Basma. Amin.