Yadda Na Toshe wa Mota Hanci

A unguwar Wunti ta Bauchi na yi aure, a Wunti na haihu, a Wunti na tsufa, amma cibiyata a Zungur aka binne ta. Mu bakwai mahaifiyarmu ta haifa. Ƙasa ta karɓi biyar, saura ni da yayata, wadda nake kira Adda tun ban iya ɗaura zane ba. Tana can Zungur a gidan ɗanta, idanunta sun daɗe da tafiya. Ba ta gane ranaku sai da zuwana. Idan ta ji muryata ta san Asabar ce, daga nan take bin sauran kwanakin ɗaya bayan ɗaya har wata Asabar ta zagayo.

Mai kai ni ita ce 'yata ta uku, ma'aikaciyar jinya, wadda nake zaune a gidanta tun rasuwar mahaifinsu. Da fetur ya yi tsadar da ya yi, sai ta sayar da tsohuwar motarta ta sayo wata ta hannu, wai ita haibirid. Ta ce, "Inna, wannan ciki biyu gare ta, ɗaya na fetur, ɗaya na batir. In ana tafiya a hankali batir ne ke ja, inji ya huta. Zuwa Zungur ba zai gagare mu ba." Na ce Allah ya sa alheri, ya kare mu daga sharrin ƙarfe.

Kuma haka aka yi. Motar nan ta sha kaɗan ta yi tafiya mai yawa. Tana fita daga lungunmu shiru kamar mai bin sawun kaza, har tumakin maƙwabta ba sa tashi sai an yi musu ham. Watanni muka yi ba mu fasa Asabar ko ɗaya ba.

Wurin zamana a baya ne, gefen dama. Wata rana na kai hannu neman carbina da ya zame, sai na ji wata kafa a gefen kujera, dab da ƙofa, faɗinta kamar tafin hannu, an yi mata raga-raga. Na kara kunne, na ji tana shuuu a hankali.

To, mu a ɗakin ƙasa muka tashi. Kafin damina mahaifiyarmu takan zagaye ɗaki da tsumma da tsinke, duk kafar da ta gani ta cusa, domin ta irin wannan kafa kunama ta fito ta harbi ƙaninmu yana barcin rana, ya kwana uku yana kuka. Tun daga nan idona ba ya wuce kafa ya bar ta a buɗe. Ga mu kuma muna ɗauko dawa da gyaɗa daga ƙauye a motar nan. Na ce ɓera na samun wannan ƙofa ya samu gida. Na yayyaga wani tsohon zanena, na samu tsinken tsintsiya, ran nan da 'yata ke barci bayan aiki na zauna na tura tsumman nan cikin ragar, sili-sili, har shuuu ɗin ya ɗauke. Na jingina matashina a kai. Ban faɗa wa kowa ba, domin ba abin faɗa ba ne. Kamar shara na ɗauke shi.

Da bazara ta kama, mota ta sauya hali. Injin da ke hutawa ya daina hutawa. Ko a cunkoson kasuwa, inda a da ba ka jin komai, sai gurnani. Na ga 'yata tana shiga gidan mai yau, jibi ma ta shiga, tana fitowa fuskarta a ɗaure. Wata Juma'a ta zauna a bakin tabarmata ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Motar nan ta ci amanata. Zungur sai dai sau ɗaya a wata, in ba haka ba aiki ma a keke zan riƙa zuwa." Na ce ba komai. Amma da komai.

Asabar biyu ba mu je ba. A ta biyun ɗan Adda ya kira a waya ya ba ta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Ke, yau wace rana ce? Sun ce mini Asabar, na ce ƙarya suke." Ashe tun hantsi take zaune a ƙofar ɗaki har la'asar.

Ranar Talata 'yata ta ɗauko ni daga gidan barka, ta ce za ta biya wurin wani bakanike a wajen Shadawanka, an ce shi ya san irin waɗannan motoci. Mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe a Bauchi har gemunsa ya yi furfura a nan. Hausarsa kowa namiji ne. Ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya duba, ya ce batir na fama da zafi. Sai ya zagayo ya buɗe ƙofata.

"Mama, sannu. Don Allah ka sauka kaɗan."

Na sauka. Ya ɗaga matashina, ya tsaya. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe ya zaro tsumma. Ya sake zarowa. Ya yi ta zarowa yana tarawa a ƙasa, 'yata na kallo, har ta sunkuya ta ɗauki guda.

"Inna, wannan ba zanenki mai ganyen rogo ba ne?"

Na ce, "Shi ne. Ni na sa, saboda ɓera."

Bakaniken nan ya dafa mota ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Mama, wannan hancin batir ne fa! Ta nan yake shan iska. Kai in an toshe maka hanci, za ka iya daka?"

Na ce, "Ba zan iya ba."

"To shi ma bai iya ba. Zafi ya kama shi, ya kwanta, inji ya ɗauki aiki duka. Inji kuwa ba ya aiki sai da mai." Ya share ido ya ce, "Kar ka ji kunya, Mama. Uwata ma haka yake a garinmu, ko ramin mukulli sai ya cusa masa takarda."

Na ji kunyar duk da haka. Na tuna Adda a ƙofar ɗaki, na ce ashe ni na zaunar da ita, da hannuna da tsinkena. Na tambaye shi ko na kashe batirin. Ya ce bai mutu ba, amma da ya ƙara wata bazarar a haka, sai dai wani. Ya cire ragar, ya hure ta da iska, ƙaiƙayin dawa ya yi ta fita.

'Yata ta fara murmushi, sai ya juya kanta. "Madam, kar ka yi dariya, naka yana nan. Buɗe but." Ta buɗe bayan motar. Ga jarkar ruwa biyu, ga rabin buhun gawayi, ga kuma dutsen niƙan mahaifiyarmu da Adda ta ba ni tun kaka, ba a samu mai saukewa ba. Ya ce, "Wannan dutse ya zaga Bauchi fiye da ni." Ya taɓa tayoyi ya ce duk sun yi laushi, ya ƙara musu iska. Ya tambaye ta yadda take tayar da mota da safe. Ta ce takan taka totur har inji ya yi ƙara, ta bar shi ya ɗumama, yadda babanta ke yi wa tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya kama kai. Ya ce wannan ba ta son ɗumi, a kunna a tafi kawai. In kuma ta hango shataletale ko tudun rage gudu, ta ɗaga ƙafa tun daga nesa, ta taka burki a hankali, domin burkin hankali wuta yake mayar wa batir.

Na ce, "Kin ji dai. Ba ni kaɗai ba ce."

Ta ce, "Na ji, Inna. Amma dutsen ma naki ne."

A ranar aka sauke dutse. Ta koma ajiye mota a inuwar dogon yaro maimakon tsakiyar rana. Ƙafarta ce ta fi wuyar gyara, don gaggawa a jininta take. Ni kuwa ina baya, matashina a cinya, gefen kujera a sarari, ina hango tudu in ce, "Ɗaga ƙafa." Ta ce, "Inna, yaushe kika zama direba?" Na ce tun ranar da na zama bakanike.

Shirun motar ya dawo tun a hanyar gida, amma 'yata ba ta yarda da wuri ba. Ta ce sai ta ga yadda mai zai yi. Ban matsa mata ba, addu'a kawai na yi. Ran Juma'a da yamma ta shigo tana cire takalmi ta ce, "Alamar mai ko rabin inda take sauka ba ta kai ba. Inna, gobe ki shirya."

Da muka isa Zungur na yi sallama. Adda ta ce, "Wa ke nan?" Na ce ni ce. Ta ce, "Ke wa? Ni ƙanwata ta ɓata." Na zauna kusa da ita na ba ta labari duka, ban rage laifina ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta ce a kira mata 'yar nan ta sa mata albarka, a kuma auna gyaɗa a kai wa mutumin Shadawanka.

Mun kai masa, ya karɓa da hannu biyu. Tun daga lokacin Asabar ɗaya kaɗai muka fasa, ranar da ruwan sama ya hana kowa fita, kuma Adda da kanta ta aiko cewa kada mu taso. Alhamdu lillahi.