Zaren da Na Naɗa wa Sandar Golf

Shekarar da aka yi wa maigidana ƙarin girma a masaƙa, wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa sandunan golf guda uku. A bayan babur ya ɗauro su har gidanmu na Makera, yana ta danna hon tun daga bakin layi. Da na gan su sai na ce, "Malam, waɗannan ludayan ƙarfe na wace miya ne?" Dariya ta hana shi amsawa.

Aibinsu ɗaya, robar mariƙin ta tsufa, tana ɓarɓashewa tana baƙanta hannu. Ga shi manajansu ya gayyace shi filin wasa ranar Lahadi, can tsallaken gada.

Kafin la'asar maƙwabta biyu sun iso da shawara. Malam baduku, mai ɗinka takalma a ƙofar gidanmu, ya shimfiɗa jar fatar akuya ya ce, "Abin manya sai fata." Baba mai faci, mutumin Kagoro da ke gyaran keke a bakin titi, ya yi tsaki. "Wace fata? Oga, roba! In gumi ya taɓa fata, santsi take yi kamar tarwaɗa."

Na leƙo na ce ni da zare nake naɗe ƙotar wuƙata, kuma ba ta taɓa kuɓuce mini ba. Suka kwashe da dariya, amma tunda sanduna uku ne, kowa aka ba shi ɗaya.

Washegari aka yi gwaji a tsakar gida, goruba ce ƙwallo. Ta fata aka fara ɗauka, tana ta sheƙi, don baduku ya mulke ta da man shanu. Maigida ya gyara tsayuwa, ya turo baya yadda ya ga Turawa na yi, ya kai duka. Goruba ko motsi ba ta yi ba. Sanda ce ta tashi sama, ta haura katanga, muka ji ƙararta a kan kwanon maƙwabta. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, ɗankwalina ya faɗi.

Ta roba kuwa ta kama hannu, har kamun ya yi yawa, domin sholishon da Baba ya manna robar da shi bai bushe ba. Baba na ta cewa, "Ka gani? Ba ta gudu!" Sai da kananzir muka raba hannun maigida da sandar.

Aka zo kan tawa. Ɗas! Goruba ta tashi kamar an harba ta, ta fasa mini randa. Ruwa na malala, ni ina rangaɗa guɗa.

Na kwance sauran biyun na naɗe su da zare, baduku da kansa ya riƙe mini bakin zaren yana ƙunƙuni.

Ranar Lahadi maigida ya dawo tafin hannunsa duk bororo, shi ne na ƙarshe a wasan, amma bakinsa har kunne. Ya ce manaja ya riƙe sandar ya jujjuya, ya tambayi wane kanti ake sayar da irin wannan mariƙi. Sati bai zagayo ba aka kawo mini sandunan manajan guda biyu. Kore da ruwan ɗorawa na naɗa masa, don su suka rage daga saƙar hulunan yara. Maigidana dai wata uku ya yi yana tsallaka gada, sannan ya koma wa dararsa a gindin dalbejiya.