Kunne ɗaya na littafi, ɗaya na titi

A dutsenmu na Nakkasa, a nan ƙasa mai tsarki, wadda ba ta da igama, wato takardar izinin zama, ba ta toshe kunne biyu. Ɗaya na harkar gabanki ne, ɗayan kuma na titi, don in motar jawazat, masu kama marasa takarda, ta tunkaro hawa, duk wanda ya fara hango ta sai ya buga ƙarfen fitila da dutse, kowa ya san inda zai nufa. Da kunne na farkon nan na yi ta sauraron littattafai a waya, ina goge benayen unguwar Aziziyya kafin alhazai su sauka.

Wata maƙwabciyata Basakkwaciya ce ta zuba mini su. Na soyayya sun gundure ni da wuri, kullum wani ne ke kuka a mota mai tsada. Sai na faɗa kan wani dogo wanda da farko na ce marubucin ba shi da aikin yi. Mace ce ta koma garinsu bayan shekaru a ƙasar waje, da ɗanta da ta haifa a can. Shi ke nan labarin. Na gama wanke banɗaki guda tana nan tsaye a ƙofar gidan ubanta, ba ta shiga ba. Mai karantawa ma ba ta sauri. Kina jin ta juya shafi, ta haɗiye yawu, can bayanta akuya na kuka. Akuyar nan kaɗai ta sa ni hawaye a kan tsumman goge ƙasa.

Daga baya tsoro ya maye gurbin hawayen. An shigar da yaron zaure ya gaida kawunsa, ya tsaya ƙiƙam, ya miƙa hannu. Dattijon ya yi ta jero gaisuwa, yaron na kallon bakinsa. Ba wanda ya zage shi. Kawun dai ya juya ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Na jira marubucin ya gyara, ya sa yaron ya koya, a rungume shi. Bai gyara ba, ya wuce abinsa zuwa maganar damina. Na tsaya da guga a hannu.

Ina da 'ya, a nan na haife ta, ba ta da takardar kowace ƙasa. A lokacin an riga an shafa jan fenti a gidajen da ke ƙasa da namu, alamar rusau. Ran da aka kama mu, Kano za a sauke mu, garin da ba ta taɓa gani ba sai a bakina. Na daɗe ina kwantar wa kaina da hankali cewa ai tana jin Hausa.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar na zaunar da ita, na sa mata ɗayan abin kunnen wayar, na mayar da littafin wurin gaisuwar nan. Ta yi dariya da ta ji akuya. Daga nan ta koma wasa da bakin abayarta.

Na ce, "To, me kawun ya ce?"

Ta ce, "Wallahi ummi ma fihimt, ban gane ba. Wannan ba irin Hausarmu ba ce. Esh ya'ani zaure, mene ne shi?"

Ba ta taɓa ganin zaure ba. Ɗakinmu guda ne da labule. Hausarmu kuwa, ni na koya mata ita, na san iyakarta: zo, kawo, rufe ƙofa, yi shiru, kada ki leƙa. Ban taɓa koya mata yadda ake durƙusawa a tambayi dattijo gajiya ba, don ba mu da dattijon da za a durƙusa wa. Wanda ya rage mana a Kano yayana ne, mutumin da ko a waya sai ka cika masa gaisuwa yake sakin fuska.

Na ce, "Bari in mayar, ki ƙara ji da kyau."

Ban kai ga taɓa wayar ba aka buga ƙarfe daga gangare. Kafin in miƙe ta fizge abin kunnen, ta sure takalmanta a hannu don kada su yi ƙara, ta bi ta ƙofar baya zuwa lungun da muke ɓuya. Mai karantawa na nan a kunnena, kawu na ta tambayar yaron ya hanya, ya mutanen can. Na bi bayan 'yata. Bugun ƙarfen nan kam ba ta nemi in fassara mata ba.