Baba Yahuza, Wanda Ya Kifar da Kwanon Wanke Hannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina cikin rabon magani a wurin aikina a Faskari, Zailani ya kira ni ya ce Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Malam Yahuza mai yasar rijiya, na Unguwar Gide da ke kusa da Pauwa, ya cika bayan sallar asuba, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Na zauna a benci cikin marasa lafiya. Abin da ya fara zo mini a rai, Allah Ya yafe mini, shi ne: yanzu kuma wa zai riƙa tsare ni da tambaya?

Baba, shekara goma sha biyar ke nan da aka tura ni ƙaramin asibitin ƙauyenku, ina sabuwar ma'aikaciyar lafiya, ina ji da karatuna. Kwanana uku ka zo, kuma ba ciwo ne ya kawo ka ba. Ka ji na gaya wa mata cewa akwai ƙwayoyin cuta a ruwa waɗanda ido ba ya gani. Ka tsuguna a bakin ƙofa ka ce, "To ke ɗiyata, da wane ido kika gan su?"

Tun daga ranar ban huta ba. Ka shekara arba'in kana shiga rijiyoyin mutane, daga Pauwa har Sabuwa, kana gane ruwan kowace unguwa da ɗanɗano, amma boko ko bihim ba ka sani ba, sai ka mai da ni makarantarka. Me ya sa yaran da ke wanka a tafki suke fitsarin jini? Na ce tsargiya ce, ta fata take shiga. Me ya sa taifot da atini suka fi yawa a gidajen da masai ke maƙwabtaka da rijiya? Ina kurkunun da ya taɓa kwantar da kai damina guda ya tafi? Da na gaji, ran kasuwar Ƙanƙara na kai ka wurin wata ƙawata mai aikin gwaji, ta ɗiga ruwan tafkinku a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Ka daɗe kana leƙe. Da ka ɗago, sai ka yi tasbihi, sannan ka ce, "To su waɗanga da ke yawo ciki, mi suke sha?"

A daminar wannan shekarar da na zo ce amai da gudawa ta shigo. Cikin kwana goma muka binne mutum bakwai. Ni ban yi shakka ba, na ce tsohuwar rijiya ce. Muka zuba mata magani, na sa kowa ya tafasa ruwan sha, amma cutar ba ta tsaya ba. Ta bakwai ɗin da muka binne ita ce jikarka Hussaina, 'yar shekara shida. Ta bar 'yar uwar tagwaicinta, Hassana, kuma kowa a gidan ya zuba wa yarinyar ido yana jiran abin da ba a faɗa.

Kai ba ka zauna karɓar gaisuwa ba. Ka shiga gida gida kana tambaya: wa ya fara kwantawa, da wa ya ci abinci, a ina ya zauna. Mutane suka ce baƙin ciki ya taɓa Malam Yahuza. Abu biyu suka tsaya maka a rai. Na ɗaya, gidan Ɗanlahadi rijiyarku ɗaya, amma ko ciwon kai babu wanda ya yi. Na biyu, a yawancin gidaje ƙanana ne ke faɗuwa, manya na tsaye. Ka ce ruwa ba ya tsami banza.

A ƙauyen, kamar ko'ina a ƙasarmu, in an kawo abinci kwano ɗaya ake cikawa da ruwa. Maigida ya fara tsoma hannu, sai mai bi masa, har a kai kan auta. Wannan girma ne, kuma ni kaina haka na tashi na gani, ban taɓa kawo komai a raina ba. A gidan Ɗanlahadi kuwa ka tarar kwanonsu ya huje tun bazara, matarsa Nasara ba ta samu ta sayi wani ba, sai take bin kowa da buta tana zuba masa.

Ka zo ka same ni ina haɗa ruwan gishiri da sukari. Ban taɓa ganin fuskarka haka ba.

"Likita, ranar nan ni na ɗauko maƙwabcina Inusa na kawo miki shi. Ya ɓata mini hannu, na goge da ƙasa. Na koma gida aka kawo tuwo, ni na hwara sa hannu a kwano. Hussaina ce ta ƙarshe."

Na ce Baba, Allah kaɗai Ya san ta inda ta same ta, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Ka ce ka sani, ba lallashi ka zo nema ba. "Hassana za ta ci abinci an jima. Shi na zo tambaya." Na ji kunya ƙwarai a ranar. Ina da takardar da ta ce a wanke hannu da ruwa mai zuba da sabulu, na karanta ta, na ci jarrabawa a kanta, amma ban taɓa leƙa yadda ake wankewar ba.

Gano abin bai kai faɗarsa wuya ba, domin wa zai ce wa dattawa hannunsu ne ke ɓata ruwan 'ya'yansu? Zailani ne ya ba ni labarin abin da ka yi a sadakar ukun Inusa, wanda shi ma ya cika bayan ya sha jinya. Aka kawo kwano, aka fara miƙa maka don girmanka. Ka karɓa, ka kifar da shi a ƙasa. Mai unguwa ya ce wannan raini ne. Ka ɗauki buta da toka, ka ce, "Ranka shi daɗe, butar da ke zuba mana ruwa sau biyar kullum in za mu tsaya gaban Allah, mi ya hana ta raka mu bakin akushi?" Liman ne ya fara miƙo hannu. Ka ce ya yi haƙuri, yau da ƙaramin cikinmu za a fara.

Ba zan ce buta kaɗai ta kori cutar ba. An tafasa ruwa, an rufe randuna, an daina ajiye guga a caɓin bakin rijiya, an riƙa kawo maras lafiya da wuri. Amma cikin mako biyu muka nannaɗe tabarmin da muka shimfiɗa a barandar asibiti, kuma Hassana ba ta kwanta ba.

Daga nan ka zama abin da ka zama. Ba ka shiga rijiyar da masai bai yi mata nisan taku talatin ba, ko nawa za a ba ka. Duk rijiyar da ka yashe sai ka kafa mata sandar rataye guga. Ka sa masu sayar da moɗa suka koma kawo mai dogon mariƙi, don kada yatsu su riƙa nutsewa a randa. Wasu na yi maka dariya, kana taya su. Zuwana na ƙarshe, da azumin bara, na kai maka ruwan leda. Ka juya shi, ka ɗaga shi a rana, ka ce, "Shi wanga, wa ya leƙa rijiyarsa?"

Ranar Alhamis na je gaisuwa. Gida ya cika da baƙi. Da aka kawo abinci wajen mata, wata baƙuwa mai son taimako ta cika kwano da ruwa ta ajiye a tsakiya. Hassana, wadda yanzu take da goyo, ta ɗauke shi, ta juye a gindin bishiyar bedi, ta dawo da buta da sabulu. Da 'yar da ke bayanta ta fara. Da ta iso kaina, tana zuba mini, sai ta rage murya.

"Likita, Baba ya bar miki saƙo. Ya ce in kin zo in tambaye ki, in an tafasa ruwa ƙwayoyin sun mutu, gawarsu ina take tahiya?"

Na yi dariya, dariyar ta zama kuka, Hassana ta tsaya riƙe da buta har na gama. Ina da amsa, Baba, sai dai mai tambayar ya riga ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka shekara fiye da hamsin kana gyara wa bayinSa ruwan sha, Allah Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, Ya sada ka da Hussaina a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Barakatu, da Zailani da ƙannensa, da Hassana, da dukkan jama'ar Unguwar Gide. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Shafa'atu Abdulgafar, Faskari