Fim ɗin da Uban Lirwanu Ya Ratsa

Duk Kajiji da abu biyu aka san Lirwanu: albasa da wani tsohon fim. Albasar ba a magana, in ya cire ta 'yan kasuwa har gida suke biyo shi. Fim ɗin ne abin dariya. Na zamanin kaset ne, ina jin ko waɗanda suka yi shi sun manta da shi. Jarumin yana rawa kamar mai korar kaji daga shanya, jarumar tana kuka babu ɗigon hawaye. Amma a zauna a majalisa ana tuna finafinan da, na Indiya da na 'yan Cana masu duka, sai Lirwanu ya taɓe baki ya ce duk shirme ne, ba a taɓa yin kamar nasa ba. A yi ta yi masa ihu, ko a jikinsa.

Yana da dalilinsa. Mahaifinsa, Malam Abdulganiyyu, mai shanu ne kuma mai zafin rai, har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi hoto ba. To wata rana 'yan fim suka zo gefen kasuwar Shagari suna ɗaukar saurayi yana zance da budurwa, sai ga tsoho ya ratso ta bayansu yana jan wani bijimi mai taurin kai, yana zazzaga masa masifa. Ko ba su lura ba ne, ko ƙyuyar sakewa ce, oho, haka suka saki fim ɗin. Fuskar tsohon da muryarsa, duk duniya a nan kaɗai suka rage.

Lirwanu ya naɗe kaset ɗin a tsumma ya kulle a akwati. Bidiyonsa ta daɗe da mutuwa, 'ya'yansa kuwa babu wanda ya riski kakan. Sai ya zama shi ne fim ɗin: ya tsaya a tsakar gida ya yi tsohon, ya juya ya yi bijimin, har da tirjiya da huci, yara suna birgima. Matarsa Safinatu takan ce bijimin ya fi yi masa kyau.

Bana da damina ta ɗauke ya buɗe akwati, sai ya ga fumfuna fara fat a cikin kaset. Ranar ko tuwo bai ci ba. Cigiya ta kai shi ga lambar wani Murtala, mai gyaran rediyo a Bodinga, wanda yake da tsohuwar bidiyo mai rai. Murtala ya gaya masa gaskiya: zaren ya ruɓe, in an yi sa'a zai yi tafiya ɗaya, don haka ya zo da waya ya ɗauka daga fuskar talabijin.

Da mahaifiyarsa Daso ta ji, ta ce ƙafarta ƙafarsa.

"Inna, ke da yanar ido ta rufe miki gani, mi za ki gani?"

"Kai dai ɗauko babur," in ji ta.

Haka suka tafi, babur zuwa Shagari, mota zuwa Bodinga, kaset a ƙirjin Lirwanu, ƙaramin buhun albasa na tsarabar Murtala a kan cinya.

Da hantsi aka ta da janareto. Murtala ya ce ba za a tura kaset gaba ba, zaren zai tsinke, dole a kalla tun daga farko. Kafin ka ce me, shago ya cika: tela, mai shayi, 'yan kabu-kabu, har da wani da ya kawo fitila gyara. Abin da Lirwanu ya yi shekara da shekaru yana nema ke nan, jama'a a gaban fim ɗinsa ba hanyar gudu. Ya dinga bayani yana riga 'yan wasan magana. Da jarumin ya fara rawar nan mai shayi ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa, Lirwanu ya ce masa ai bai ga komai ba tukuna.

Sai ga kasuwar Shagari ta fito. Lirwanu ya saita waya. Saurayi ya fara marairaicewa, can bayansa ƙaho ya ɓullo, sannan igiya, sannan dogon tsoho da malfa.

"Tahi mana, ɗan banza. Ni za ka kunyatawa gaban mutane? Wallahi gobe sai mahauta."

Shago ya ɗauki shewa. Lirwanu ya yi tsalle ya ɗaga hannu sama har da wayar, yana cewa ga shi nan, ga Baba nan, kamar wanda zai shiga talabijin. Tsohon bai gama ratsawa ba bidiyo ta yi ƙara, hoto ya ɗauke. Murtala ya zaro kaset, zaren ya cukurkuɗe ya tsittsinke, babu abin gyarawa.

Aka taru a kan waya. Ga saurayi, ga ƙaho, sai hoto ya haye sama: kwanon rufi, fanka, kunnen tela. Muryar tsohon dai tana fita tar, amma ko malfarsa ba a kama ba. Dariya ta mutu a shagon. Lirwanu ya zauna a kan buhun albasa, baƙin ciki ya cika shi, don ya san ba kowa ya yi masa ba, shi ya yi wa kansa.

"Inna, ban kama huskarshi ba. Mi zan gwada ma yara?"

Daso ta laluba ta karɓi wayar ta kara a kunne. Ta saurara har faɗan ya ƙare. Kafaɗunta suka fara girgiza, tana dariya hawaye yana bin kumatunta.

"Wanga sa bai kai shi ga mahauta ba, baki ne kawai. Tsuhwa ta kashe shi a gida." Ta share ido da gefen mayafi. "Yara su dubi huskarka, ita ce tashi. Muryar ce munka rasa."

Ta miƙo masa wayar.

"Maido min shi daga hwarko, bai gama hwaɗan ba."